Ba A Ce Masa Ya Huta Ba

Litinin, bayan azahar

Janar bai farka ba.

Janar ƙanena ne. Ni na laƙaba masa sunan tun ranar da ya shigo gida da kakin 'yan kadet na sakandarensu, hula ta rufe masa kunnuwa, wando ya yi masa yawa har sai da Umma ta kama ƙugun da allura. Lokacin ko igiya ɗaya ta muƙami ba shi da ita a hannun riga. Shi kuma yana kirana farar hula. In na dame shi sai ya ɗaure fuska ya ce, "Yaya, farar hula ba ya sa baki a maganar soja." Soja! Yaron da har gobe ba ya shiga banɗaki in ya ga kyankyaso.

Rubutun nan ma shi ya koya mini. Ni iyakata makarantar allo, daga nan sai shagon wanki da guga na Kawu, wanda yake kallon ƙofar makarantarsu. Muka yi yarjejeniya, ni in riƙa goge masa kaki, shi ya koya mini boko. Ya ce rubutuna kamar kaza ta taka tawada. To ga kazar nan tana rubutu, tunda ba ta da wanda za ta tsokana.

Yana asibiti, gadon bakin taga a ɗakin maza. An naɗe kansa, an sa masa roba a hanci. Tun ranar Asabar.

Talata, da hantsi

Kawu ya ce in dawo aiki, zaman asibiti ba ya tayar da mara lafiya. Na dawo. Na hura gawayi, na zuba a dutsen guga, na ƙona wa wani malami wuyan riga. Kawu ya ɗaga rigar ya duba, ya ninke ya ajiye. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Bari in rubuta na ranar Asabar sau ɗaya, in huta.

Faretin ƙarshen shekara ne. Ni na sa wa kakinsa sitaci, na fitar da karin wando har ya ce zai iya yanka burodi da shi. Aka jera su a fili tun rana ba ta yi zafi ba. Babban baƙo ya makara. Da motarsa ta shigo rana ta take, Saje mai koya musu fareti ya ba da umarni suka ƙame, baƙo ya fara bin sahu yana duba su ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana gyara wa wannan hula, yana yi wa wancan tambaya. Janar yana sahun gaba, dab da dakalin simintin da aka kafa tuta. Ni ina jikin waya tare da sauran farar hula.

Bai durƙushe ba. Yadda yake a miƙe haka ya tafi, kamar an ture ƙyaure.

Ba zan rubuta ƙarar ba.

Ba wanda ya motsa. Yara cike da fili, ba wanda ya ko juya kai. Ina ihu ku ɗaga shi, ku ɗaga shi, ganga tana ta bugawa. Sai da na haura waya.

Talata, da yamma

Na ce masa, "Janar, tashi, an yi juyin mulki a gida, kyanwa ta karɓe katifarka." Tsohon da ke gadon kusa ya yi dariya har ya yi tari. Janar ko gezau.

Laraba, bayan la'asar

Umma tana so ta buɗe masa hannu ta goge tafin da ruwan ɗumi. Ya ƙi buɗuwa. Hannayen a miƙe suke a gefen cinyoyinsa, yatsu a dunƙule, babban yatsa a waje yana kallon ƙasa. Ƙafafun ma a miƙe, dugadugai a haɗe. Ta lallaɓa, ta yi tofi, ta ce, "Sakar mini mana, ɗan albarka, ni ce." Kamar tana lallashin ƙarfe.

Likita ya ce bugun da kan ya sha ne yake sa jiki ya sandare haka. Ya fi ni sani. Ya kuma faɗi wata magana a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya. Na ce wa Umma cewa ya yi a ci gaba da addu'a.

Alhamis, da safe

Hannunsa na nan yadda yake.

Juma'a, bayan an sauko

Dogo ya zo shago. Abokin Janar ne, shi ne a damansa a sahu. Ya kawo kakinsa a leda wai a wanke, alhali kakin ko datti babu. Ya tsaya yana kallon bokitin sitaci.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kofur, sai yau? Ko har yanzu ba a ba ka umarnin motsi ba?"

Da wasa na so in faɗa. Ba da wasa ta fito ba. Yaron ya zauna a kan buhun gawayi ya fashe da kuka, dogon banza, gwiwoyinsa har kunne.

Ya ce, "Yaya, wallahi a ƙafata na ji faɗuwarsa. Ina ganin jinin ta wutsiyar ido yana tahowa wajen takalmina. Na san abin da ake yi, an koya mana, mu biyu muka fi kowa ci a taimakon gaggawa. Amma Saje ya ce in an ƙame, ko kunama ce ta hau ka ba ka motsi. In wani ya faɗi ka bar shi, akwai masu ɗauka."

Na ce, "To ina masu ɗaukar?"

Ya ce, "An tura su kwaso kujerun baƙi."

Kawu ya miƙa masa ruwa a kofi. Ni na ci gaba da guga. Na goge hannun riga ɗaya ban san sau nawa ba.

Asabar

Mako guda. Ban je ba da safe, na je da yamma.

Lahadi, da hantsi

Shago a rufe. Na zauna a ɗakinmu. Takalmansa suna ƙarƙashin gado, ɗaya da ƙura, ɗayan Umma ta fara gogewa ta bari.

Ba a goge su da tsumma haka kawai. Ya koya mini. Auduga, ɗigon ruwa, ɗan man takalmi kaɗan, kana zagayawa a hankali har ka ga haƙoranka a ƙoƙon takalmin. Na taɓa cika masa gwangwanin man da baƙin toka da man shafawar Umma. Ya yini yana zagayawa, takalmi yana ƙamshin amarya, ya ƙi sheƙi. Ya bi ni har bakin titi da bel.

Komai aka koya musu a kaina yake gwadawa. Ya ce ba a sarawa in babu hula a kai, sai na riƙa sara masa da murfin tukunya. Ya koya mini igiya ɗaya, igiya biyu, igiya uku, na ce ni mai igiya goma ne, ya je bayan shago ya ƙirga na shanya. Ranar da aka koya musu ɗaurin karaya ya naɗe ni tun daga kai har gwiwa da tsofaffin zannuwa, na lallaɓa na kwanta a ƙofar kicin ina nishi. Umma ta saki faranti. Mu biyu ta haɗa ta zane, ni da ɗaurina ban iya gudu ba.

Tsayuwar ma ya gwada mini. Dugadugai a haɗe, ƙirji waje, ido gaba, hannu a dunƙule, babban yatsa a kan ɗinkin wando.

Na rubuta wannan na ajiye biro na daɗe.

Babban yatsa a kan ɗinkin wando.

Lahadi, da yamma

Na ɗaga bargon na duba. Ba wando a jikinsa, rigar asibiti ce, amma yatsan yana daidai inda ɗinkin zai kasance. Duka biyun.

A ƙame yake. An ba su umarni su ƙame, ya faɗi a ciki, aka kwashe shi. Sauran an ce musu su huta, an sallame su, sun tafi gida sun ci abinci. Shi ba wanda ya gaya masa.

Litinin, bayan azahar

Na gaya wa nas ɗin da ke canza masa ruwa. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai ba kai ne ka ɗaure wa mai shara tsintsiya a ƙafar gado ba?" Na ce sharrin shaiɗan ne. Ta ce, "Ciwo ne, ƙanena. Ba fareti ba ne." Na ce na sani.

Na sani ɗin. Amma na san Janar. Yaron da in Umma ta ce ya tsare madara a wuta, ko gida zai rushe yana nan tsaye.

Talata, da safe

Na tare Dogo a ƙofar makaranta. Na ce ya zo asibiti ya ba abokinsa umarnin hutawa. Ya ce ba zai yiwu ba, shi da Janar igiyarsu ɗaya, umarni daga sama yake saukowa. Sai Saje.

Saje kuwa tun ranar ba a ƙara ganinsa a makaranta ba. An ce ana bincike. Wasu mutane sun zo gida da jaka, sun yi wa Umma jaje da tambayoyi, sun tafi. Ban san me ake bincika ba. Dakalin yana nan, an wanke shi.

Laraba

Zazzaɓi. Sun ƙara wata roba.

Alhamis, bayan la'asar

Na je gidan Saje. Dogo ya kwatanta mini.

Ban taɓa ganinsa ba kaki ba. Yana zaune a tsakar gida a kan benci, da singileti, rediyo a gefensa a kashe. Ashe ƙaramin mutum ne. Gashin bakin ne kawai yake nan yadda na san shi.

Na gaishe shi, na ce, "Baba Saje, ni ne yayan..." Ya ce, "Na san ka. Mai guga. Kai ne kake kwaikwayona a bakin shago yara suna dariya."

Na ce, "Wani ne mai kama da ni."

Bai yi dariya ba, amma ya matsa mini a benci. Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya daɗe yana murza gwiwarsa mai ciwo. Ya ce an hana shi zuwa asibitin, an hana shi magana da iyalin yaron, ko wannan zaman da muke yi laifi ne.

Sai ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Na gaya musu. Kullum ina gaya musu. Kar ka kulle gwiwa, ka sake ta kaɗan yadda ido ba zai gani ba. Ka riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, jini ya zagaya. Ka karya kafin ka fito, ka sha ruwa. In ka ji duhu yana zuwa, ka durƙusa a gwiwa ɗaya, ba abin kunya ba ne. Ƙanenka ya sani. Amma baƙo yana sahunsu. Ya fi kowa son a ce ya yi daidai."

Na ce, "Kuma kai ka ce kar a ɗaga wanda ya faɗi."

Ya ce, "Ni na ce. Haka aka koya mini."

Wata yarinya ta leƙo daga ɗaki ta koma.

Can ya ce, "Tashi. Yi mini yadda kake yi a shago."

Na ce haba Baba. Ya daka mini tsawa, sai ga ni tsaye. Kalmomin fareti ba Hausa ba ne, ban ma san yadda ake rubuta su ba, a kunne na ɗauka. Na yi masa na hutawa, har da ɗingishin da tura baki.

Ya ce, "Bar ɗingishin, wannan nawa ne. Muryar ta yi. Amma gaggawa kake yi, don kai dariya kake nema. Umarni gida biyu ne. Na farko ka ja shi, don yaro ya ji da shi ake, ya shirya. Sai ka dakata. Ka ba shi lokaci. Sannan na biyu, gajere, ka sare shi. Daga ciki, ba daga maƙogwaro ba."

Ya sa na yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "In ya tashi ka ce masa..." Bai ƙarasa ba.

Juma'a, da hantsi

Ina gwadawa a bayan shago, tsakanin igiyoyin shanya. Riguna a jere, hannuwa a sake, su ne sojojina. Kawu ya leƙo ya ce, "Kai, za ka kore mini masu kawo wanki." Ya koma. Jim kaɗan ya sake leƙowa ya ce, "Ka fi jan na farkon ɗazu."

Asabar, bayan azahar

Na tsaya a ƙarshen gadon. Na cika ƙirji. Ba abin da ya fito.

Shekara nawa ina wannan ihun don a yi dariya. Yau na buɗe baki sai iska.

Na ce masa, "Ka ci sa'a, Janar, yau babban kwamanda yana mura."

Lahadi

Hannunsa na nan. Fuskar ce ta rage.

Litinin, da yamma

Umma ta ji labari wajen Kawu. Muna zaune a barandar asibiti, ta zuba mini shayi a murfin fulas, ta ce, "Kai wannan, me ka tsaya jira?"

Na ce, "Umma, ba zai karɓa daga wajena ba. Sai wanda ya fi shi muƙami. Ni farar hula ne, shi da bakinsa yake faɗa."

Ta ce, "Wa ya goya shi lokacin da nake kwance? Wa ya kai shi makaranta ranar farko, ya tsaya a bakin taga yana yi masa gwalo har ya daina kuka? Tun da babanku ya rasu wa yake sama da shi in ba kai ba?"

Na ce, "Likita ya ce ciwo ne."

Ta ce, "Na ji abin da likita ya ce. Har wanda ya faɗa maka a bakin ƙofa na ji, ba kurma ba ce ni." Ta juya kofin a hannunta. "Ni dai ba na so ya tafi a tsaye. Yaron nan ya gaji."

Ban sha shayin ba.

Talata, bayan la'asar

Na yi wanka. Na goge rigata da kaina, na sa hular da nake zuwa masallaci, don ya ce ba a harkar soja da kai a buɗe. Dogo ya biyo ni da kakinsa, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa.

Na gaya wa nas zan ɗaga murya sau ɗaya. Ta ce, "Nan asibiti ne." Ta dubi Umma. Sai ta ɗauki tirenta ta ce za ta ɗauko magani a ƙasa, kuma matattakalar tana da tsawo. Tsohon gadon kusa ya gyara zama, ya ce, "Bismilla, kwamanda."

Na tsaya a ƙarshen gadon, dugadugai a haɗe. Na sake gwiwa kaɗan. Na motsa yatsun ƙafa.

Na ja na farkon. Ya fito daga inda Saje ya ce, har gilashin taga ya amsa. Na dakata. Na ba shi lokaci. A cikin shirun nan ina jin ɗigar ruwan robarsa.

Na sare na biyun.

A bakin ƙofa takalmin Dogo ya bugi ƙasa, jikinsa ya bi umarnin bai sani ba.

Janar bai motsa ba.

Na zagaya na sunkuya a kunnensa na ce, "An gama, Janar. Baƙo ya tafi. Ka yi daidai, kowa ya gani, kai ka fi kowa. An ce ka huta."

Ba komai. Na zauna a ƙasa na jingina da gadon. Ba wanda ya yi dariya. Karo na farko ke nan da na yi muryar Saje a gaban mutane ba a yi dariya ba.

Talata, gab da magariba

Umma ta kawo ruwan ɗumi kamar kullum. Ta kama hannun damansa, sai na ji ta ce, "Kai wannan. Zo."

Yatsanta ya shiga tafin.

Ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba su ƙi ba. Farcensa ya yi masa shaida a tafin, ta goge wurin a hankali. Ta ɗora hannun a kan nawa. Da ɗumi, da laushi, kamar na jariri. Ɗayan ma haka.

Nas ta dawo ta duba, ta taɓa wuyansa, ta fita da sauri ta kira likita. Likita ya duba idanunsa da 'yar fitila. Bai yi murna ba. Na ga bai yi ba. Ni dai ina riƙe da hannun.

Laraba, da hantsi

Daga Allah muke.

Asabar

Mutane. Tabarmi. Kowa da abin da yake faɗa.

Saje ya zo, ya tsaya can nesa a bakin layi, da hula a kansa. Bai ƙaraso ba. Na ga ya ɗaga hannu zuwa goshi, ya daɗe bai sauke ba.

Laraba, bayan azahar

Na koma shago. An ce faretin makaranta ya tsaya sai wani zango. Dogo ya ce in an dawo zai ci gaba, kuma duk wanda ya faɗi kusa da shi zai ɗaga shi, in sun ga dama su cire masa igiyar. Na ce, "Igiya ɗaya tal, in sun cire ka zo bayan shago in ba ka goma." Ya yi dariya kaɗan. Ni ma.

Asibiti sun ba mu kakin a leda tun ranar farko, Umma ta tura shi bayan akwati. Yau ta ba ni. Na jiƙa shi da ruwan sanyi, don ruwan zafi kama jini yake yi. Na wanke wuyan har ya fita. Ya bushe kafin la'asar.

Kawu ya dama sitaci ya turo mini bokitin da ƙafa, yadda ya saba in ya ga kaki.

Na ce, "Bar shi, Kawu."

Na ninke shi haka nan da laushinsa, hannuwan a sake, na kai wa Umma.